Kama da Wane Ba Ta Wane: Nazari a Kan Kalmar Turanci "Gingerly"

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata, a darasin fassara, malaminmu ya ba mu wani ɗan gajeren labari na Turanci, ya ce mu mayar da shi Hausa a cikin aji ba tare da mun buɗe ƙamus ba. Labarin wani dattijo ne da aka yi wa aiki a ƙafa, aka sallamo shi daga asibiti. A cikin labarin akwai wannan jimla:

The old man stepped gingerly out of the car.

Ni kuwa ban yi wata-wata ba na rubuta, "Tsohon ya fito daga motar da kuzari." Har ina jin daɗi a raina wai na kamo ma'ana. Da aka dawo mana da takardunmu sai na tarar da jan biro a ƙarƙashin kalmar "kuzari", malam kuma ya rubuta tambaya ɗaya a gefe: "Wanda aka yi wa aiki a ƙafa ne zai diro daga mota?" Da na leƙa takardun abokaina sai na ga ashe ba ni kaɗai na faɗa ramin ba. Wani ya rubuta "da zafin nama", wata kuma ta rubuta "cikin karsashi". Dukkanmu mun juya wa marubucin magana, mun sa shi ya faɗi kishiyar abin da yake nufi.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Maƙalar za ta dubi ma'anar kalmar gingerly, da inda ta samo asali, da wuraren da take shiga a jimla, sannan da abin da ya fi damun mu ɗaliban Hausa, wato yadda za a fassara ta.

Ma'ana da furuci

Gingerly na nufin aikata abu sannu a hankali, da matuƙar taka-tsantsan, saboda mai aikatawar yana tsoron kada ya ji ciwo, ko ya ji wa wani, ko ya fasa abu, ko ya yi ƙara, ko kuma yana ƙyamar abin da zai taɓa. Abubuwa biyu ke nan suka haɗu a cikinta: akwai sassaucin motsi, akwai kuma fargabar da ta jawo sassaucin. Idan aka cire fargabar, to an tashi daga gingerly an koma wata kalma daban. Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To, a ce mutumin nan bai gudu ba, ya daure ya sa bakin sanda ya ɗaga tsumman yana ja da baya. Yadda ya ɗaga shi ɗin nan, shi ne gingerly.

Gaɓoɓinta uku ne, ana furta ta kamar "jin-ja-li", kuma a kan gaɓar farko ake dannawa. Harafin g ɗin nan guda biyu duka sautin "j" suke bayarwa. Kada a kwatanta ta da finger, inda ake jin "g" sosai, ko singer, inda "g" ɗin ya narke a cikin ɗan hanci. Rubutun Turanci dai ba ya cika alkawari kamar na Hausa.

Ina ruwanta da citta?

Babu. A nan ne tarkon yake, musamman gare mu da muka taso a kudancin ƙasar nan. A Turancin Nijeriya da Fijin, idan aka ce a yi ginger ɗin mutum, ana nufin a zaburar da shi, a sa masa ƙaimi. Wanda aka ce yana da ginger kuwa, mai kuzari ne. Wannan ba ƙirƙirarmu ba ce mu kaɗai, domin tun a ƙarni na 19 Turawa suke amfani da sunan citta da ma'anar kuzari, suna cewa ginger up, wato a zaburar. Dalilin a fili yake: citta tana da yaji, tana ɗumama jiki. Saboda haka ɗalibin da ya san wannan, ya kuma san cewa ɗafa-ƙeyar -ly tana samar da bayanau, kamar yadda quick ke komawa quickly, sai ya yi lissafinsa ya ce ginger da -ly sun ba da "cikin kuzari". Lissafin ya yi kyau, amsar ce ba daidai ba.

Gaskiyar magana ita ce kalmomin biyu ba gidansu ɗaya ba. Sunan citta na Turanci ya biyo ta Latin da Girkanci ne daga harsunan Indiya, kuma daga wannan tushen ne Larabci ya sami "zanjabil", wadda ta zo a cikin Alƙur'ani mai girma a Suratul Insan. Ita kuwa gingerly ta fara bayyana a rubuce ne a farkon ƙarni na 16, kuma masu ƙamus sun fi karkata ga cewa daga tsohon Faransanci ta fito, daga kalmar gensor, mai nufin abin da ya fi kyau ko ya fi laushin hali. Saiwarta ita ce gent, wadda ake faɗa wa mutum ɗan asali mai kyan tsari. Idan haka ne, to dangin gingerly su ne gentle da gentleman. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon lokaci, kuma dubban kalmominsa sun kwarara cikin Turanci, kamar dai yadda kalmomin Larabci suka shigo Hausa ta hanyar addini da karatu da fatauci.

Abin da ya fi burge ni shi ne ma'anarta ta farko. A ƙarni na 16 ba taka-tsantsan take nufi ba. Ana faɗinta ne a kan mai tafiya ko rawa da ƙananan taku, cikin yanga da rangwaɗa, wani lokaci ma da sigar zolaya. Irin tafiyar nan ce da Hausawa ke cewa mutum yana yi kamar mai tausayin ƙasa. Sai wajen shekarar 1600 ma'anar ta karkata zuwa ga wadda muka sani yau. In mai karatu ya lura, tazarar ba ta da yawa. Budurwa mai yanga da dattijo mai ciwon ƙafa duka ƙananan taku suke yi, kuma duka ba sa dira ƙafa da ƙarfi. Motsin ɗaya ne, dalilin ne ya bambanta. Da tafiya ta yi tafiya sai Turanci ya riƙe motsin, ya yar da yangar, ya sa tsoro a gurbinta.

Matsayinta a nahawu

Mafi yawan lokaci bayanau ce, tana bayyana yadda aka yi aiki. Tana iya zuwa bayan aikatau, ko kafinsa, ko a farkon jimla:

She touched the wound gingerly.
She gingerly touched the wound.
Gingerly, she touched the wound.

Duka ukun daidai ne. Sai dai kuma tana iya zama sifa, kamar a cewa a gingerly step ko in a gingerly manner, ko da yake wannan bai kai na farko yawa ba. Kada wannan ya rikita mu. Ba kowace kalma mai ƙarewa da -ly ce bayanau ba: friendly da lonely sifofi ne, early da daily kuwa suna aikin sifa suna aikin bayanau, kuma a wannan rukuni na biyu gingerly take. Saboda haka ba a ƙara mata wata -ly ɗin. Idan ana son kwatanci sai a ce more gingerly. Haka kuma a daidaitaccen Turanci ba a guntule ta a ce mutum ginger ne da nufin yana da taka-tsantsan. A Ingila in ka faɗi haka, za a ɗauka kana nufin mai jan gashi ne.

Aikatau ɗin da ta fi zama da su na motsin jiki ne: step, walk, sit, touch, lift, hold, open, pick up, climb. Wannan shi ne ya raba ta da 'yan uwanta, kuma a nan nake son mu ɗan daɗe.

Ita da maƙwabtanta

Carefully ita ce uwa, ta fi kowacce faɗi. Tana nufin mai da hankali don kada a yi kuskure, kuma ba dole ne a sami tsoro a ciki ba. Ana cewa read the question carefully, wato a karanta tambaya a tsanake. Ba a cewa read the question gingerly, domin takardar jarrabawa ba ta cizo, ko da yake wasunmu za su yi gardama a kan haka. Ana iya buɗe wasiƙa gingerly idan ta jiƙe ana tsoron ta yage, amma karanta ta carefully ake yi.

Cautiously ta fi kusa da ita, domin ita ma akwai hangen haɗari. Bambancin shi ne cautiously ta fi jingina ga tunani da shawara, gingerly kuwa ga hannu da ƙafa. Direban da ya rage gudu saboda hazo yana tuƙi cautiously. Direban da ya ji burkinsa na ƙara, yana ɗan taɓa shi da tsinin ƙafa don ya ji ko zai kama, ya taka shi gingerly.

Gently kuwa tausasawa ce da ke fitowa daga tausayi ko ƙauna. Uwa tana ɗaukar jaririnta gently, domin ta saba kuma ba ta jin tsoron komai. Amma a miƙa wa saurayin da bai taɓa riƙe jariri ba jinjiri ɗan kwana uku, za a ga ya sandare, ya buɗe hannuwa kamar an ba shi tiren ƙwai, yana neman wanda zai karɓa. Shi ya riƙe jaririn gingerly. A ganina wannan misali kaɗai ya isa ya zaunar da kalmar a kai.

Akwai kuma stealthily, wato yin abu a ɓoye don kada a gani ko a ji. Suna haɗuwa da gingerly a wajen rashin ƙara, amma niyyar ta bambanta, kuma za mu ga amfanin wannan in mun zo kan "sanɗa".

Bayan motsin jiki, 'yan jarida suna aron kalmar su kai ta fagen siyasa da hulɗar jama'a. Idan aka ce wata gwamnati ta tunkari wani batu gingerly, ana nufin batun mai tsauri ne, ana tsoron abin da zai biyo baya, shi ya sa ake taɓa shi kaɗan-kaɗan. Hoton dai bai canja ba: hannu ne aka miƙa ga abu mai zafi.

Yadda za a fassara ta

Abu na farko da ke zuwa bakin ɗalibi, musamman irinmu da muka koyi Hausa a aji, shi ne "a hankali". Ba kuskure ba ne, amma rago ne. "A hankali" jaka ce mai faɗi ƙwarai: tana ɗaukar rashin sauri, kamar a "yi tafiya a hankali", tana ɗaukar rage murya, kamar a "yi magana a hankali", tana ɗaukar faruwar abu kaɗan-kaɗan, kamar a "a hankali zai warke", tana kuma ɗaukar lura. Idan muka ce "Tsohon ya fito daga motar a hankali", mai karatu zai iya ɗauka tsufa ne kawai ya hana shi sauri. Ciwon da fargabar sun salwanta a hanya.

Abin da na lura da shi, bayan na yi ta tambayar abokanmu Hausawa da 'yan kasuwar unguwar Sabo, shi ne sau da yawa abin da Turanci ya zuba a cikin bayanau, Hausa a cikin aikatau take zuba shi. Maimakon mu nemi kalma ɗaya da za ta tsaya a gurbin gingerly, gara mu canja aikatau ɗin kansa. Babban mai taimako a nan shi ne "lallaɓa":

Tsohon ya lallaɓa ya fito daga motar.

Da jin wannan, Bahaushe ya san akwai abin da ke damun tsohon. Mu masu jin Yarbanci wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu, domin rọra ma kafin aikatau take zuwa, kamar a ó rọra jókòó, wato ya lallaɓa ya zauna. A Fijin kuwa jeje ko sofri-sofri za a ce. Abin dariya, da a ce malam ya ce mu fassara jimlar da Fijin bayan ya gaya mana ma'anarta, da babu wanda zai sha wahala. Sai dai a kula, "lallaɓa" tana da wasu fuskokin. "Ya lallaɓa mahaifinsa" rarrashi ne, "ya lallaɓa ya gudu" kuwa sulalewa ce. Muhallin magana ne ke tantancewa.

Ga wata jimlar:

He sat gingerly on the edge of the chair.

A nan Hausa tana da aikatau da ya haɗiye bayanau ɗin gaba ɗaya, wato "ɗosana". "Ya ɗosana a bakin kujera." Wanda ya ɗosana bai saki jikinsa ba, ko don maruru, ko don kujerar tana lilo, ko don yana gaban surukinsa. Kalma ɗaya ta yi aikin kalmomi biyu na Turanci, har ta fi su fito da hoton.

Idan taɓawa ce, tsigalau "ɗan" yana aiki sosai. She touched the wound gingerly sai ta zama "Ta ɗan taɓa ciwon a hankali." A lura cewa "ɗan" a nan ba ƙanƙantar ciwon yake nunawa ba, ƙanƙantar taɓawar ce. Shi ne kuma ya ceto "a hankali" daga faɗin da muka yi kuka da shi a sama.

Idan kuwa ƙyama ce ta jawo sassaucin, to sai a fito da ita fili. He picked up the dead rat gingerly ba za ta yi daɗi da "lallaɓa" ba, domin ba tausayin ɓeran ake ji ba. Gara a ce, "Ya sa yatsu biyu ya ɗauki mushen ɓeran yana ƙyanƙyami." Wani zai ce ai babu yatsu biyu a jimlar Turancin. Haka ne, amma suna cikin hoton da kalmar ke zanawa a zuciyar Bature, kuma hoton muke fassarawa. Na san akwai malaman da ba sa son irin wannan ƙari, sun fi son a tsaya kusa da matani. Ni dai a fassarar labari ina tare da ƙarin, amma a takardar kotu ko ta asibiti ba zan yi shi ba.

A fagen siyasa da hulɗa kuwa, a nan ne "taka-tsantsan" da "kaffa-kaffa" da "ɗari-ɗari" suke shigowa, kuma su ma ba ɗaya suke ba. Taka-tsantsan ita ce ta tsakiya, ba yabo ba zargi, shi ya sa ta dace da labaran rediyo: "Gwamnati tana taka-tsantsan da batun." Abin sha'awa, ita ma daga taku aka gina ta, kamar yadda gingerly ta faro daga tafiya. Kaffa-kaffa ana yin ta ne da abin da ake ji da shi, ake tsoron ya lalace ko ya ɓaci, kamar mai kaffa-kaffa da sabuwar waya ko da amarya. Ɗari-ɗari kuwa rashin sakin jiki ne da mutum ko wuri, kamar baƙon ɗalibi a makonsa na farko. Idan jimlar Turancin ta nuna mutum yana tsoron ya ɓata abu, kaffa-kaffa ta fi. Idan tsoron abin yake yi don kansa, ɗari-ɗari ta fi.

Saura "sanɗa" da amsa-kamar nan "saɗaf-saɗaf". Na ga wasu suna saka su a duk inda gingerly ta haɗu da tafiya. A yi hattara. Sanɗa tana ɗauke da niyyar ɓuya, ita ce tafiyar maharbi da kyanwa da ɓarawo. Idan uba ya shiga ɗaki gingerly don kada ya ta da yaro daga barci, "sanɗa" ta yi daidai. Amma in mace tana tsallaka tsakar gida gingerly saboda santsi bayan ruwan sama, ka ce tana sanɗa, to ka sa mai karatu ya fara tambayar abin da ta je ɗauka. Ka mayar da mai tsoron faɗuwa abar zargi.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan kalma ɗaya? To, a jarrabawar shiga jami'a akwai sashen da ake neman kalma mafi kusa da ma'ana, da wanda ake neman kishiya, kuma da yawa daga cikinmu aikin koyarwa za mu yi, mu za mu shirya yara su amsa su. Kishiyoyin gingerly su ne irin su recklessly da roughly da boldly, wato da ganganci, da garaje, da kai-tsaye ba shakka. Malamin da ya ɗauka kalmar kuzari take nufi zai koya wa aji guda su zaɓi kishiya a wurin ma'ana. Wanda kuma ya sami aikin tafinta a asibiti, likita ya ce majiyyaci ya riƙa taka ƙafar gingerly a makon farko, shi kuwa ya ce masa ya taka da ƙarfinsa, to abin ya wuce asarar maki.

Aikin gwaji

Ga jimloli huɗu na tsara. A fassara su da Hausa, da sharaɗin kada a yi amfani da "a hankali" ita kaɗai, kuma kada a maimaita hanya ɗaya sau biyu:

The nurse gingerly removed the bandage.
He tasted the soup gingerly.
The boy climbed gingerly onto the old ladder.
She raised the matter of the debt gingerly with her uncle.

Ta biyun ce ta fi ba ni wahala, domin jimlar ba ta faɗi ko zafin miyar yake tsoro ba, ko yajinta, ko kuwa bai yarda da wadda ta dafa ba, alhali Hausa tana so ta san wanne ne kafin ta zaɓi kalma. Wanda ya sami fassarar da ta bar ƙofofin nan uku a buɗe, ya miƙa wa kwamitin mujalla, ina son in gani.